Yadda Ake Gane Ma'anar Kalmar "Rough" da Yadda Ake Amfani da Ita, Mataki-Mataki

Ɗalibai masu shirin WAEC da NECO, da 'yan kasuwa masu musayar saƙo da abokan hulɗa na waje, da masu fassara labarai, sun yi ta aiko da tambaya iri ɗaya: mene ne ainihin ma'anar kalmar Turancin nan *rough*, kuma don me "kaushi" take shiga wani wuri ta ƙi shiga wani? Dalilin shi ne kaushi ɗaya ce kawai daga cikin ma'anoninta. Sunan da ke biye da kalmar shi ke yanke hukunci a kan abin da take nufi. Ga tsarin da za ka bi, kuma a bi shi a jere, domin kowane mataki yana dogara da wanda ya gabace shi.

1. Tanadi kayan aiki

Na farko, ƙamusun masu koyon Turanci, wanda ke bayani da Turanci mai sauƙi tare da misalan jimloli. Oxford Advanced Learner's, da Cambridge, da Longman duk suna da shafin intanet na kyauta, kuma kowanne yana da maɓallin da za ka latsa ka ji furucin Ingila da na Amurka. Kuɗin data kaɗai za ka kashe. Na biyu, ƙamusun Turanci zuwa Hausa, irin na Roxana Ma Newman da ya fito a 1990, in kana iya samunsa a ɗakin karatu. Na uku, littafin rubutu na makaranta mai ganye 40 da biro. Na huɗu, wayar da ke naɗar murya.

Raba kowane shafi gida uku a tsaye. Gidan farko na jimlar Turanci ne cikakkiya, na biyu na kishiyar kalmar a wannan jimla, na uku na fassarar Hausa. Gidan tsakiyar nan shi ne ƙashin bayan aikin, za ka ga dalili a mataki na 4.

Hattara: kada ka jefa kalmar ita kaɗai cikin manhajar fassara. Amsa ɗaya za ta ba ka, kai kuma ka riƙe ta kana cusa ta ko'ina. In za ka yi amfani da manhaja, ba ta jimla ɗungurungum.

2. Gyara furuci tun da wuri

Ana furta ta "raf", gaɓa ɗaya, da gajeren wasali kusa da na farkon kalmar "rashi". A nan Bahaushe ya ci sa'a, domin gajeren "a" ɗinmu ya fi kusa da na asali a kan "rof" da ake yawan ji a bakunan mutane. Wanda ya ja wasalin ya ce "ruuf" kuwa ya faɗi *roof*, wato rufin ɗaki.

Matsalarmu tana ga harafin ƙarshe. Haruffan *gh* a nan sautin *f* ne na Turanci, wanda ake yi da haƙoran sama a kan leɓen ƙasa. Namu "f" da leɓɓa biyu muke yin sa, shi ya sa yake zamewa ya koma *p*, sai mai sauraro ya ji *rap* ko *wrap*. Tsaya gaban madubi, ɗora haƙoran sama a leɓen ƙasa, ka hura iska. In kana iya jan sautin na tsawon daƙiƙa uku ba tare da ya yanke ba, ka samu. In ya fashe lokaci guda ya ƙare, *p* ka yi. Naɗi muryarka sau biyar, ka saurara ka gwada da ta ƙamus.

Sannan rubuta wannan rukuni a shafin farko, domin takardar gwajin furuci ta WAEC, wato Test of Orals, tana son haɗa su don ta rikita ɗalibi. *Rough*, *tough* da *enough* duk suna ƙarewa da "af". *Cough* da *trough* suna ƙarewa da "of". *Though* da *dough* ba su da sautin *f* ko kaɗan, suna tafiya da *go*. *Through* tana tafiya da *too*. *Plough* da *bough* suna tafiya da *now*. Rubutu ɗaya, furuci biyar, kuma babu wata ƙa'ida da za ta cece ka sai hadda.

A kula: *roughed* gaɓa ɗaya ce, ƙarshenta sautin *t*. Ba a cewa "rafed".

3. Duba matsayin kalmar a jimla

Kafin ka nemi ma'ana, duba aikin da take yi. Mafi yawan lokaci sifa ce: ko ta zo gaban suna, kamar *a rough road*, ko ta biyo bayan *is*, *feel*, *look*, *sound*, kamar *the wall feels rough*. In sifa ce, wuce mataki na 4.

In ka ga ta ɗauki *-ed* ko *-ing*, ko *up*, *out*, *it* sun biyo ta, aikatau ce, ma'anarta tana mataki na 8. In ta biyo bayan *sleep*, *live* ko *play* kai tsaye ba wani suna a bayanta, bayanau ce. In *the* ta gabace ta kuma ba suna a bayanta, suna ce, kuma wannan ba shi da yawa: a wasan golf *the rough* ita ce doguwar ciyawar gefen fili.

Wajen kwatanci ana cewa *rougher* da *roughest*. Guji *more rough*, kuma *more rougher* kuskure ne tsantsa da mai maki ba ya ɗaga wa ƙafa.

4. Dubi sunan da ta siffanta, ka nemo kishiyarta

Nan ne aikin yake. Ka tambayi kanka: da abin ba *rough* ba ne, da mene ne? Kishiyar da ta faɗo maka ita za ta nuna maka gidan ma'anar da kake ciki. Gidajen takwas ne.

Gida na farko, abin da hannu ko ƙafa ko taya ke taɓawa: *skin, hands, wall, wood, cloth, road, ground*. Kishiya *smooth*. Nan ne kaushi take zaune daram. Fatar da hunturu ya busar *rough skin* ce, katakon da ya fito daga injin yanka ba a goge shi ba *rough timber* ne, bangon da aka yi wa yaɓe ba a shafe ba *rough wall* ne. Amma ko a wannan gida Hausa tana rarrabewa: hanya ba kaushi gare ta ba, gargada gare ta. Wanda ya fassara *a rough road* da "hanya mai kaushi" an gane shi, amma direba ba ya faɗin haka.

Gida na biyu, lissafi da sani: *estimate, idea, guess, figure, calculation, translation*. Kishiya *exact* ko *accurate*. Ma'anar ƙiyasi ce, kintace, abin da ya yi kusa amma ba a tantance ba. *I have a rough idea* na nufin na ɗan san yadda abin yake, ba mummunan tunani ba. Wannan gida ya fi kowanne janyo asarar kuɗi, saboda haka a tsaya a kansa. In magini ko bakanike ko kamfanin jigila ya rubuto maka *rough estimate*, bai ɗaure kansa da wannan adadi ba. Yana gaya maka ne kuɗin zai kama wajen haka, yana iya hawa yana iya sauka, kuma a aikace hawa ya fi yawa. In kana son farashin da za a tsaya a kai, nemi *quotation* ko *final price* a rubuce. Haka in kai ne mai ba da farashi kuma ba ka gama lissafi ba, sa kalmar a gaban adadin, ta zame maka kariya ranar da aka zo jayayya.

Gida na uku, aikin da ba a kammala ba: *draft, sketch, copy, notes, work*. Kishiya *final*, ko *fair copy* in maganar kwafe rubutu ce. Hausarsa daftari, ko gwajin farko, ko zanen share fage. *Rough work* a jarrabawar lissafi shi ne tattare-tattaren da ka yi a gefe kafin ka rubuta amsa. Ba ya nufin aikin ya lalace.

Gida na huɗu, amfani da ƙarfi inda ake son lallaɓawa: *play, game, tackle, handling, treatment*. Kishiya *gentle*. A ƙwallo *a rough tackle* keta ce ko mugun wasa. A jigila *rough handling* shi ne jifa da kaya da wurgi da su wajen lodi da sauke. Ƙaramar kalmar da ke biyo ta a nan *with* ce: *don't be rough with the baby*, wato kada ka riƙe jaririn da ƙarfi, bi shi a hankali.

Gida na biyar, wuri: *area, neighbourhood, part of town, school*. Kishiya *safe* ko *quiet*. Unguwa ce mai faɗace-faɗace da ƙwace, inda 'yan daba suka yi yawa.

Hattara a nan: in kana nufin titunan unguwarku sun lalace, kada ka ce *my area is rough*. Baƙon da ya ji haka zai ɗauka za a tare shi a ƙwace masa waya. Ce *the roads in my area are rough*, ko *are bad*.

Gida na shida, ruwa da sama: *sea, crossing, flight, weather*. Kishiya *calm* in teku ce ko yanayi, *smooth* in tafiyar ce. Teku ce mai tumbatsa da manyan igiyoyi, ko jirgin da ya yi ta jijjiga a sama.

Gida na bakwai, lokaci da halin rayuwa: *day, night, week, year, time, childhood*. Kishiya *easy* ko *good*. Wahala ce. *I had a rough night* na nufin ban runtsa ba, ko don ciwo ko don damuwa ko don kukan yaro. A nan *on* ce ke biyo ta: *it was rough on his mother*, wato abin ya yi wa mahaifiyarsa nauyi. Mutanen Ingila suna kuma cewa *I feel rough* in jiki ba daɗi, a hira ta yau da kullum. *You look rough* kuwa cewa ne ka yi wujiga-wujiga kamar marar lafiya ko wanda bai yi barci ba. Tsakanin abokai ake faɗinta. Ba a yi wa maigida ko baƙo ita.

Gida na takwas, sauti: *voice, engine*. Murya mai kaushi, ko injin da ke karkarwa yana tsallake bugu. Bakanike a Amurka ko Ingila zai ce *the engine is running rough*, kuma za ka ci karo da *rough idle* a littattafan gyaran mota, wato injin yana rawa in mota tana tsaye a kunne.

Abin lura: wani suna yana shiga gida biyu. *A rough ride* tana iya zama tafiya mai gargada a mota, tana iya zama tasku da mutum ya sha, kamar ministan da 'yan majalisa suka yi wa ruwan tambayoyi. Jimlar da ta gabata ita za ta raba gardama, saboda haka kada ka yanke hukunci da jimla ɗaya in akwai sakin layi a gabanka.

5. Raba ta da maƙwabtanta

Bayan ka gane gidan, tabbatar ba wata kalma ce ta fi dacewa ba. Wadda aka fi rikita ta da ita *coarse* ce. Bambancin: *rough* tana maganar fuskar abu, *coarse* tana maganar girman ƙwayoyinsa ko kaurin zarensa. Kishiyar *coarse* ita ce *fine*. Yashi mai manyan ƙwayoyi *coarse sand* ne, gishiri garas-garas *coarse salt* ne, masarar da aka ɓarza ta zama tsaki *coarsely ground maize* ce, gari mai laushi kuwa *fine flour*. A shagon kayan gini za ka ga haka a jikin sanfefa: mai lamba 40 zuwa 60 *coarse* ce, ta cin katako da sauri, 80 zuwa 120 *medium*, daga 150 zuwa 220 *fine*, ta gamawa kafin fenti. Ƙaramar lamba ita ce mai kaushi, abin da sababbin masu koyon kafinta ke yawan juyawa. To, da *coarse sandpaper* ake fara goge *rough wood*. Riƙe wannan jimla ɗaya, ta ishe ka tuna bambancin.

A kula: *coarse* da *course* furucinsu ɗaya, rubutu daban. Ta biyun ita ce kwas na karatu, da *of course*. Haka nan *coarse language* ashar ce da batsa.

*Harsh* ta shafi abin da ke gallaza wa mutum: hukunci mai tsanani, kakkausan lafazi, rana mai ƙuna, sabulu mai cin fata. Hukuncin alƙali *harsh sentence* ne, ba *rough sentence* ba. *Tough* tauri ce da juriya da wuya: nama mai tauri *tough meat*, jarrabawa mai wuya *tough exam*. Ita da *rough* suna haɗuwa a gida na bakwai, inda *a tough year* da *a rough year* duk suna tafiya. *Rugged* ta ƙasa ce mai duwatsu da kwazazzabai, ko kaya mai jure wahala kamar mota ko waya, kuma in an faɗa wa kaya yabo ne. *Hoarse* ita ce muryar da ta dishe don mura ko ihu. *Rude* rashin ladabi ne. *Crude* ɗanyen abu ne da ba a tace ba, kamar ɗanyen mai, ko aikin da aka yi ba gwaninta.

6. Cire Turancin gida in rubutun na waje ne ko na jarrabawa

A Najeriya an faɗaɗa kalmar ta rufe duk wani abu marar tsari. A hira tsakaninmu ba laifi, kowa ya gane. A takardar jarrabawa, ko wasiƙar neman aiki, ko saƙo zuwa kamfanin waje, sai a sauya.

Rigar da ta yamutse ba a yi mata guga ba: *creased*, *wrinkled* ko *rumpled*. In ka ce *my shirt is rough*, Bature zai ɗauka yadin ne ke kartar fatarka. Ɗakin da ya hargitse: *untidy* ko *messy*. Rubutun hannu marar kyau: *untidy* ko *poor handwriting*, in ba ya karantuwa sam *illegible*. Gashi buzu-buzu da bai ga mataji ba: *uncombed* ko *unkempt*. Direba mai tuƙin ganganci: *reckless driver*, kuma laifin da kansa *reckless driving* ko *dangerous driving* ake kiransa a harshen doka. Yaro mai ƙiriniya: *naughty* ko *boisterous*, sai fa in yana bugun 'yan'uwansa wajen wasa, a nan *he plays rough* ta yi daidai.

Wannan mataki shi ne wanda ƙwararru ma ke tuntuɓe a kansa, domin kunne ya saba, jimlar ba ta yi masa baƙo. Hanyar kama kanka ita ce gwajin kishiya: kishiyar ɗakin da ya hargitse *tidy* ce, kuma *tidy* ba ta cikin kishiyoyin gidaje takwas ɗin nan. Da ka ga haka, ka san ba wurin *rough* ba ne.

7. Koyi 'ya'yanta huɗu

*Roughly* ta fi sauran amfani, kuma aiki biyu take yi. Gaban adadi tana nufin kimanin ko wajen: *roughly 200 bags*, buhu wajen 200. Bayan aikatau tana nufin da ƙarfi ko ba a tsanake ba: *he pushed her roughly*, ya ture ta da ƙarfi. A littafin girki *roughly chopped onions* albasa ce da aka yanka manya-manya ba tare da daidaitawa ba. *Roughly speaking* kuwa ita ce "a taƙaice dai" ko "in an yi magana a dunƙule".

Hattara: kada ka tara ta da 'yar'uwarta. *Roughly about 50* maimaici ne, kamar ka ce "kimanin wajen hamsin" a rubutun hukuma. Zaɓi ɗaya. Kuma ba a sa ta gaban adadin da aka ƙididdige tsaf: *roughly 4,837* ba ta da ma'ana, sai dai *roughly 5,000*.

*Roughen* aikatau ce, sa abu ya yi kaushi da gangan ko da wahala. Mai faci yana kankare tuf kafin ya shafa gam: *roughen the surface before applying the glue*. Za ka ga wannan umarni a jikin kwalin gam da gwangwanin fenti. *Roughness* ita ce sunan, kaushin kansa, kuma ba ta ɗaukar jam'i a amfani na yau da kullum. *Roughage* abincin da ke da harza ne mai taimaka wa hanji, irin dusa da ganye da wake, a kiwo kuma harawa da kara da ciyawa. Likitoci yanzu sun fi cewa *fibre*.

8. Haddace jimlolin da ba sa rabuwa

Waɗannan ba a fassara su kalma-kalma, kuma ba a taɓa tsarinsu.

*Rough up* shi ne lakaɗa wa mutum duka ko cakumarsa don a tsorata shi. Wakilin suna a tsakiya yake shiga: *they roughed him up*. *They roughed up him* kuskure ne. *Rough out* zana abu ne sama-sama kafin aikin gaske. *Rough it* maleji ne na ɗan lokaci a wurin da ba katifa ba wuta ba famfo, kamar kwanan sansani, kuma *it* ɗin ba ta canzawa ko mutum nawa ne: *we had to rough it*.

*Sleep rough* Turancin Ingila ne, kwana a titi ko ƙarƙashin gada don rashin muhalli, kuma masu irin wannan kwana *rough sleepers* ake kiransu a labaran ƙasar. Kada ka gyara ta zuwa *sleep roughly*, ba a faɗin haka. Kada kuma ka yi amfani da ita don cewa barcinka bai yi daɗi ba, in ba haka ba abokinka na Landan zai fara nema maka masauki.

*A rough patch* ɗan lokaci ne da abubuwa suka tsuke, a kasuwa ko a zaman aure. *Take the rough with the smooth* shi ne karɓar zuma da maɗaci tare. *Rough and ready* abu ne da aka haɗa cikin gaggawa, ba kyan gani amma ya biya buƙata. *A rough diamond* a Ingila, ko *a diamond in the rough* a Amurka, mutum ne mai baiwa ko kyakkyawar zuciya wanda bai goge ba. *Rough justice* hukunci ne da bai bi ƙa'ida sosai ba ko ya fi ƙarfin laifin. *Ride roughshod over* danne mutane ne da yin fatali da ra'ayinsu ko haƙƙinsu, ana yawan ganinta a sharhin siyasa.

Shawara: a rubutun insha'i jimla ɗaya daga cikin waɗannan ta isa. Ɗalibin da ya jera uku a sakin layi ɗaya yana nuna hadda ce ya zo juyewa.

9. Musanya ta a jarrabawa da fassara

A sashen karanta labari da amsa tambayoyi, WAEC da NECO sukan ce ka kawo wata kalma da za ta maye gurbin wadda aka zaɓa kamar yadda aka yi amfani da ita a cikin labarin. Bi wannan jeri. Koma ka karanta jimlar da wadda ta gabace ta. Gano gidan. Zaɓi kalmar wannan gida: *uneven* ko *bumpy* a na farko, *approximate* a na biyu, *preliminary* a na uku, *violent* a na huɗu, *dangerous* a na biyar, *stormy* ko *turbulent* a na shida, *difficult* a na bakwai, *harsh* ko *grating* a na takwas. Daga nan cire *rough*, sa taka, ka karanta jimlar gaba ɗaya a zuci.

Hattara da abu uku. Sifa da sifa ake musanyawa, bayanau da bayanau: in *roughly* aka ba ka, amsar *approximately* ce, *approximate* ba za ta ci maki ba. Duba *a* da *an*: *a rough figure* tana komawa *an approximate figure* in kai ne ke rubuta jimlar. Kuma amsa ɗaya za ka bayar, domin in ka jera biyu ɗaya ta kauce tana iya ɓata maka mai kyan.

A wasiƙar hukuma da rahoto, *rough estimate* da *rough draft* karɓaɓɓu ne. *Feel rough*, *rough up* da *rough it* na hira ne, a bar su a waje: a rubuta *unwell*, *assault*, da makamantansu. Mai fassara zuwa Hausa kuma ya bar kalmar Turancin gefe da zarar ya gane gidan, ya tambayi kansa yadda Bahaushe ke faɗin wannan hali. Sau da yawa ba sifa za ta fito ba, aikatau ce: *we had a rough year* ta fi zama "bana mun sha wuya" a kan duk wata jimla mai "shekara mai kaza".

10. Atisaye

Na mako guda, kullum tsinto jimla uku masu wannan kalma daga labaran Turanci ko misalan ƙamus, ka cike gidaje ukun littafinka. Minti goma ya isa. Fara da waɗannan shida, ka rufe amsoshin da hannu kafin ka gama.

Ɗaya: *Give me a rough idea of the cost.* Biyu: *The crossing was rough and many passengers were sick.* Uku: *His hands were rough from years of farming.* Huɗu: *She grew up in a rough part of the city.* Biyar: *The referee warned him for rough play.* Shida: *Iron your uniform, it is rough.*

Ta ɗaya kishiyarta *exact*: ƙiyasta mini abin da zai ci. Ta biyu *smooth* ko *calm*: ruwa ya yi ta tumbatsa wajen ƙetarewa, fasinjoji da yawa suka yi amai, domin *were sick* a irin wannan wuri a Turancin Ingila amai take nufi. Ta uku *smooth*: hannuwansa sun yi kaushi da kanta saboda daɗewa yana noma. Ta huɗu *safe*: ta tashi a unguwar 'yan daba. Ta biyar *gentle* ko *fair*: alƙalin wasa ya ja masa kunne kan keta. Ta shida tarko ce, domin guga ba ta maganin kaushin yadi, yamutsewa take gyarawa. Jimlar da ta dace ita ce *Iron your uniform, it is creased.*